Rajistar aiki: cire tsohuwar taimar hitar ruwa da sa tamostat marar waya a wani masauki a Mabera

Litinin, 24 ga Nuwamba, 2025

Duba wuri. Masauki ne mai ɗaki takwas a Mabera, nan Sakkwato. Hita ɗaya ce ke ba dukan banɗakunan ruwan zafi: tanki tsayayye mai cin lita 200, da elemen ɗaya (ƙarfen da wuta ke zafafawa ya dumama ruwan) mai kilowat 3, a wani ɗan ɗaki bayan kicin. Ruwan sanyi daga tankin sama yake sauko mata, shi kuma daga burtsatse. Taimar da ke kunna ta irin mai faifai ce, mai haƙora 96, kowane haƙori minti 15, a danna wanda ake so a bar sauran.

Ƙorafin Alhaji mai masaukin shi ne baƙi su tashi da asuba su tarar da ruwa kamar na randa, da azahar kuma da ba mai nema ya yi zafi jau. Ba sai an wahala ba wajen gano dalili. Faifan irin wannan taima wata 'yar mota ce ke juya shi, ita kuma da wutar layi take tafiya. Aka ɗauke wuta, faifai ya tsaya cak; aka kawo, ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai ba. Ƙarfe 11:00 na safe muka tarar yana nuna 4:30 na asuba, watau yana baya da awa shida da rabi. Mai gadi kan gyara shi da hannu in ya tuna, kuma daga yadda faifan ke sassarfa an taɓa murɗa shi ta baya, giyar ciki ta ci.

Awo: elemen ya ba da om 17.8 (om ma'aunin juriyar wuta ne), lafiyarsa ƙalau, tunda na kilowat 3 a kan volt 230 bai kamata ya yi nisa da 17.6 ba. Wutar layi volt 214. Bakin taima inda layif ke fita ya yi baƙi, robar wurin ta fara narkewa. A jikinta an rubuta amp 16, elemen kuwa amp 13 yake ja, amma sukurun ya saki, kuma duk inda waya ta yi sako-sako zafi ke taruwa.

Mun faɗa wa Alhaji gaskiya: in agogo ne kawai damuwa, taima mai batir a ciki ta wadatar, kuma kuɗinta bai kai rabin na tamostat ba. Ya ce shi so yake ya ga zafin ruwan daga teburin karɓar baƙi, ya kuma canza lokaci ba sai an zagaya bayan kicin da tocila ba. To, an tsaya a kan tamostat marar waya mai tsarin kwana bakwai, watau na'urar da ke kunna hita ta kashe ta gwargwadon zafi da lokaci. Sassa biyu gare ta: allo da ake saita ta a kai, da risiba mai karɓar saƙon allon.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Lissafi kafin sayayya. Ruwan tankin sama da sassafe digiri 22 muka auna. A kai lita 200 daga 22 zuwa 60 yana cin kusan yunit 8.8. In wuta ta cika volt 230, awa uku ne ba kaɗan. Amma ƙarfin elemen ba daidai da faɗuwar volt yake faɗuwa ba, ninki yake yi: a volt 195 elemen ɗin nan kilowat 2.1 da ɗan ɗori kawai zai bayar, dumamawar ta koma awa huɗu da wani abu. Duk wanda zai tsara lokaci a nan garin da wannan adadi na biyu ya kamata ya yi aiki.

Lita 200 a digiri 60, in aka surka da na sanyi ya dawo 40, yana ba da kamar lita 420, bokiti 21 ke nan na lita 20. Ya ishi ɗaki takwas har da saura.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Kuskuren farko, kuma namu ne. An aiko da tamostat daga Kano a kan N38,000, muka buɗe kwali muka ga irin na auna zafin ɗaki ne. A Turai, inda aka fi amfani da waɗannan, tukunyar gas ce ke dumama gida gaba ɗaya, sai a rataye allon a falo yana auna iska, shi kuma risiba yana can kusa da tukunya yana haɗa 'yan wayoyi biyu da ba sa ɗaukar wani nauyi. Sensar tana cikin allon mai batir, kuma iyakarsa digiri 35. A tankin ruwa ba shi da wani amfani, don da an sa shi, iskar ofis zai riƙa aunawa yana kunna hita.

Abin da ya kamata a tambaya tun farko abu uku ne. Shin yana da sensa mai waya da ke shiga jikin risiba? Har digiri nawa ake iya saita shi? Amp nawa rile ɗin risiba, watau ɗan makunnin da ke cikinsa, ke ɗauka? Mun mayar, mai shago ya karɓa a kan a cika masa kuɗin wanda ya dace.

Talata, 2 ga Disamba

Sabon ya iso. Gaba ɗaya N62,000, kuɗin mota zuwa da dawowa N5,000. Allo mai batir biyu irin na tocila ƙanana, risiba mai aiki da volt 230, sensa mai waya mita 1.5, ana saita shi daga digiri 5 zuwa 80. A jikin risiba an rubuta 433 MHz, rile kuma amp 5 kacal. Wannan amp 5 ɗin shi ne wurin da mutane ke ƙona kayansu: su cire wayoyi biyu daga tsohuwar taima su cusa a risiba, kwana biyu rile ya manne ko ya ƙone. Risiba aikinsa ya ba da umarni, kontakta, babban makunni da koyil ɗin maganaɗisu ke ja, ita ce za ta ɗauki elemen.

Sauran kaya daga shagunan titin Sarki Yahaya: kontakta amp 25 mai koyil na volt 230, N14,000, bireka mai kama yoyon wuta, amp 20 da miliamp 30, N16,500, ƙaramar bireka amp 6, N3,000, akwatin ƙarfe mai layin dogo a ciki (ɗan ƙarfen da ake maƙala su bireka a kai), N9,000, waya 2.5 mita 10 da 1.5 mita 6 da tarkacen haɗi, N12,500.

Alhamis, 4 ga Disamba

Tunda za a kashe hita, an zubar da ruwan an zaro elemen. Ya sha farar ƙasa, kaurinta kamar ɓawon gyaɗa, a gindin tanki kuma an kwashe kusan rabin bokitin fenti na garinta. Ba abin mamaki ba ne a garin da ake haƙar dutsen siminti a Kalambaina. An jiƙa elemen cikin ruwan tsami na citric awa uku, aka goge da burushi mai laushi. Kada a kankare da wuƙa, fatar elemen ba ta da kauri. Sandar magnesiyam da ke hana tanki tsatsa ta cinye saura zare, an sa sabuwa N11,000, da sabuwar robar baki N1,500.

An ɗaga hannun bawul ɗin kariya, ruwa ya fito ya kuma tsaya da aka saki. Bawul mai hana ruwa komawa baya shi ma yana riƙewa, wanda ke da muhimmanci a nan: in tankin sama ya ƙare ruwan hita ya zurare ta baya, elemen zai ci wuta a bushe ya ƙone cikin mintoci.

Asabar, 6 ga Disamba

Ranar haɗi. An kashe daga babban allon rarraba wutar gidan, an gwada da mita an tabbatar babu wuta kafin a taɓa komai. Tasta mai ƙwai ba abin dogaro ba ce.

Wutar hita an ɗauko ta daga ɓangaren layi, kafin canjoba (makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar layi da janareto), don kada ta taɓa hawa kan janareto. Na masaukin kVA 5 ne, in kilowat 3 ya faɗa masa tare da firiza da famfon ruwa sai ya durƙusa. Daga bireka amp 20, layif da nutural na waya 2.5 sun shiga saman kontakta, sun fita ƙasa zuwa elemen. Daga ƙaramar bireka amp 6, waya 1.5 ta ba risiba wuta a L, bakinsa na layif. An ɗan yi gada daga L zuwa COM, bakin da wuta ke shiga rile, domin bakunan rile ɗin busassu ne, ba sa ba da wuta da kansu sai abin da aka shigar musu. Daga NO, bakin da ba ya haɗuwa sai rile ya ja, zuwa A1 na koyil ɗin kontakta, ɗaya bakin koyil ɗin, A2, zuwa nutural. NC, bakin da ke haɗe in rile bai ja ba, an bar shi ba komai. Atin, wayar da ke kai yoyon wuta ƙasa, ya tafi kai tsaye jikin tanki da jikin akwati.

Tsohon tamostat na sanda da ke maƙale da elemen, da ɗan jan maɓallin da ke katsewa in zafi ya wuce kima, ba a cire su ba. Suna nan a kan hanyar elemen, an saita na sandar a 65. In wata rana kontakta ta manne, su ne za su hana tanki tafasa. Duk mai gyaran da ya ce a tsallake su tunda an sa na zamani, a sallame shi.

Ana kunnawa bireka ta faɗi. Aka sake, ta sake faɗuwa, daidai lokacin da kontakta ta ja. Da farko an zargi elemen, ko ruwan tsami ya huda shi, amma da aka cire wayoyinsa ma haka ta yi. Ashe yaron aiki ne ya ɗauko nutural ɗin risiba da koyil daga soket ɗin da ke bango kusa, don ya fi kusa. Ita wannan bireka tana kwatanta abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural. In ya bi wata hanya ya koma, a wurinta yoyo ne. An dawo da nutural ƙarƙashin birekar, magana ta ƙare.

Sensa: wayarta ba ta kai daga akwati zuwa tanki ba, an sayo wata mai mita 3, N2,500, ita ma an rubuta 10k. An yanke 'yar taga a rigar tanki, kamar kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa, aka tona soson har ƙarfe ya bayyana, aka shafa man ɗaukar zafi, aka manna kan sensar da tef na alminiyam, aka mayar da soso. Ba a sa ta sama don ruwan zafi sama yake taruwa. Sensa a can za ta ce an gama alhali rabin tanki sanyi ne.

Lahadi, 7 ga Disamba

An haɗa allo da risiba. A ɗakin hita suna jin juna, a teburin karɓar baƙi alamar eriya sai ƙiftawa take. Tsakani bango uku ne na bulo, mita 14, bai kai ya hana ba. Laifin akwatin ƙarfe ne, mun sa risiba a ciki don ya yi kyan gani, da an rufe murfi sai saƙo ya yanke. An fito da shi waje, an kafa a bango sama da akwati da kamar taƙi biyu, nesa da jikin tanki. Ya kama.

Tsarin farko: digiri 60 daga ƙarfe 2:00 na dare zuwa 6:30 na safe, sauran lokaci a kashe, sai 3:00 zuwa 6:00 na yamma digiri 50.

Talata, 9 ga Disamba

Lafiya. Ruwa da zafi da asuba.

Alhamis, 11 ga Disamba

Mai gadi ya kira jiya bayan isha'i: "Malam, akwatin ga naku na ta kuka awa injin niƙa, in kashe shi?" Aka ce ya kashe. Da safe an ga abin da ya faru. Wani baƙo ya nemi ruwa da daddare, aka danna kunnawar hannu wajen ƙarfe 8:00, lokacin da unguwa duka ke kan wuta. An sake gwadawa yau daidai wannan lokaci: volt 192 kafin hita ta shiga, da ta shiga ya faɗo 181. Koyil ɗin kontakta an yi shi ne ya ja sosai daga kashi 85 cikin ɗari na volt ɗinsa zuwa sama, watau kusan 195 ga mai 230. Ƙasa da haka sai ta ja da ƙyar, elemen ya shiga ya ƙara jan volt ƙasa, ta saki, volt ya ɗago, ta sake ja. Shi ne karkarwar. An buɗe ta, bakunan sun yi tabon ƙuna a dare ɗaya. Da an bar ta mako guda haka da ta manne.

Gyara biyu. An canza ta da mai koyil na volt 220, wadda ke ja tun daga wajen 187, an cika N4,000. Sannan an sa na'urar kariyar volt mai amp 40 bayan bireka, N13,000: ta yanke in ya sauka ƙasa da 180 ko ya haura 250, ta jira minti uku kafin ta dawo. Da farko mun sa ƙasan a 190, sai ta riƙa yankewa duk lokacin da elemen ya shiga, don faɗuwar volt 11 ɗin nan. A 180 ta zauna. Faɗuwar da kanta ta yi yawa. An bi layi an samu wayar da ta taho daga mita zuwa babban allo siririya ce kuma an yi mata haɗi biyu a hanya. Wannan aikin daban ne, an rubuta wa Alhaji.

Asabar, 13 ga Disamba

Wani abu da ya ɗaure mana kai kwana biyu. Allo ba ya taɓa nuna 60. Yana hawa har 59 ya tsaya, alamar wuta na kunne, kontakta na riƙe har ƙarshen lokaci, amma mitar kama waya ta nuna elemen ba ya jan komai. Ruwan famfo mafi kusa kuwa da aka tara a kofi aka sa ma'auni, 63 ya bayar.

Sensar da muka sayo ce. 10k ɗin da ake rubutawa yana nufin om dubu goma a digiri 25 kaɗai. Yadda take sauka in zafi ya ƙaru wata lamba ce daban ke faɗa, kuma waɗanda suka fi yawa a kasuwa iri biyu ne, 3950 da 3435. A digiri 25 ba ka bambanta su. A digiri 60 ta farko tana wajen om 2,490, ta biyu wajen 3,000. Risibarmu 3950 yake jira, muka ba shi 3435. Saboda haka ruwa na 60 yana ganin 55, kuma kafin ya ga 60 sai ruwa ya kai 66. Tsohon tamostat na sanda da muka bari a 65 shi ke riga shi yankewa, shi ya sa allo ya maƙale a 59. Ba don shi ba da ba mu lura da wuri ba, da baƙi ne za su fara gaya mana da fatar hannunsu.

An mayar da sensar da ta zo cikin kwali, aka ƙara mata tsawo da waya mai baki biyu 0.75, aka yi dalma a haɗin aka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Ƙarin mita biyu ba ya canza awo, tunda juriyar wayar ba ta kai om ɗaya ba a gaban dubbai. Abin kiyayewa kawai kada a bi da ita cikin fayif ɗaya da wayar elemen. Bayan haka allo na nuna ƙasa da na ainihi da digiri 2, don daga bayan ƙarfe take aunawa. An gyara a wurin daidaita awo. An ɗaga na sandar zuwa 70 don ya koma mai jiran ko-ta-kwana.

Tazarar kunnawa da kashewa daga kamfani rabin digiri ce, wadda ta dace da ɗaki. A tanki tana sa kontakta ta yi ta bugawa. An mayar da ita digiri 5: ta kashe a 60, ba za ta sake kunnawa ba sai ya sauko 55.

Laraba, 17 ga Disamba

Ruwan sanyi da asuba, kwana biyu a jere. Ba abin da ya lalace. Agogon allo daidai yake har minti, tunda batir ke riƙe da shi, amma daren biyu an ɗauke wuta wajen ƙarfe 1:00 ba a kawo ba sai da rana ta fito. Tsarinmu na 2:00 zuwa 6:30 ya faɗa cikin duhun gaba ɗaya. Mun gyara matsalar agogo, muka ci gaba da tunani irin na taima, wai a dumama dab da lokacin wanka.

Tanki mai soso yana riƙe zafi, don haka dabarar ita ce a kama wuta duk lokacin da ta samu da dare. Sabon tsari: digiri 60 daga 10:00 na dare zuwa 6:30 na safe. In da wuta tun 10:00, kafin 2:00 an gama, sauran daren ɗan ciko ne kawai. Ba a fara kafin 10:00 ba saboda volt ɗin farkon dare. Daga 6:30 zuwa 2:00 na rana a kashe, daga 2:00 zuwa 6:00 na yamma digiri 50. Ranar Juma'a an ƙara 10:00 zuwa 12:30 na rana a digiri 55 saboda masu wankan masallaci.

Alhaji ya tambaya ko a rage na dare zuwa 45 don a rage cin yunit. Ba mu yarda ba. Ƙwayar Legionella, mai kawo ciwon huhu in aka shaƙi feshin ruwan, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, a 60 kuma mutuwa take. Tanki ya kai 60 sau ɗaya kullum. Wucewa sama da haka kuma farar ƙasa yake ƙara tarawa.

Asabar, 20 ga Disamba

An auna asarar zafi a daren da ba a buɗe famfo ba: 60 da ƙarfe 1:00, aka ɗauke wuta, 54 da ƙarfe 7:00. Digiri shida cikin awa shida ya yi yawa. Fayif ɗin fita na ƙarfe ne tsirara, ya miƙe sama, in ka dafa shi da tsakar dare da zafi. Ruwan zafi na hawa cikinsa ya huce ya sauko, yana ta zagaye. Tagar ɗakin ma ba gilashi, iskar hunturu na shiga kai tsaye. An naɗe mita biyu na farko na fayif ɗin zafi da mita ɗaya na na sanyi da soson fayif irin na masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, N6,000, an toshe taga da katako.

Talata, 23 ga Disamba

Asara ta dawo digiri 3 cikin awa shida.

Litinin, 29 ga Disamba

An kashe wuta an sake ɗaure dukan sukurori. Biyu a ƙasan kontakta sun karɓi kusan rubu'in juyi. An hure ƙura daga akwati, don ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin ƙarfen koyil tana sa gurnani ko da volt ya cika. An danna maɓallin gwajin bireka, ta faɗi yadda ya kamata.

Abu ɗaya da ma'aikata suka ɗauka lalacewa ne: in babu wuta allo ba ya nuna zafin ruwa, sai layuka biyu, tunda sensa a jikin risiba take shi kuma ya mutu. In wuta ta dawo, sai minti uku na kariyar volt sun cika, sannan risiba ya jira saƙo na gaba daga allo, wani lokaci har minti biyar. An rubuta wannan a takarda an liƙa kusa da allo, an kuma kulle maɓallan don kowa na wucewa yana dannawa.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Kwana 24 a kan sabon tsari. Safiya biyu kawai aka rasa ruwan zafi, duka a daren da ba a kawo wuta ba sam. Kuɗin kaya zuwa yau N160,000, ban da kuɗin aiki. A ciki N2,500 na sensar da ba ta dace ba da rabin kuɗin mota asara ce.

Game da ko an rage cin wuta, ba mu da adadin da za mu bayar, don ba mu sa wa hita mitarta daban ba kafin a fara, mitar gidan kuma ta haɗa komai da komai. Za a sa ƙaramar mitar yunit a cikin akwati mako mai zuwa, akwai gurbi biyu da suka rage a layin dogo.

Sauran aiki: bawul mai surka ruwa a bakin fita, a saita shi wajen 45 zuwa 48, domin ruwan digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu kuma ana sauka da yara a masaukin. Canza wayar da ta taho daga mita. Batiran allo a sa alkalin, a canza su farkon kowane hunturu ba sai alama ta fito ba. In zafi ya shigo wajen Maris ruwan tankin sama da kansa zai yi ɗumi, sai a cire na yamma da na Juma'a, a taƙaita na dare. Za a sake zaro elemen a watan Yuni a ga yawan farar ƙasar da ta taru cikin wata shida a digiri 60.